Buhun azumi ko ƙarfen sabis: da me za mu auna shugabar kamfanin waya?

A azumin da ya wuce wani hoto ya yi ta yawo a zauren danginmu na WhatsApp. Wata babbar jami'a ce ta ɗaya daga cikin kamfanonin waya, cikin farin tob irin na ma'aikata, tana miƙa wa wata tsohuwa abin da muke kira kis assa'im a nan Sudan, jakar kayan buɗa-baki: sukari, man girki, dabino, garin alkama da ɗan adas. A bayansu an kafa ƙyalle mai tambarin kamfani, ya ninka tsohuwar tsawo. Kafin a yi isha'i addu'o'i sun cika zauren. Wannan ya ce Allah ya ƙara mana irinta, wancan ya ce ga macen da ta san ciwon talaka. Ni ma na jefa nawa amin ɗin. Sai ƙanwata, wadda ta yi shekara bakwai tana aikin injiniya a wannan harka, ta biyo ni ta gefe ta rubuto: "Yaya, amin ɗinka ya yi sauri. Ka fara tambaya ko an mayar da baturan ƙarfen garin su Gwaggo."

Ba a mayar ba. 'Yan baturan da ɓarayi suka bari ba sa riƙe caji, don haka ƙarfen da ke bakin garin yana aiki ne muddin rana na dukan faifan sola. Da magariba ta kawo jiki, shabaka, abin da 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi ke kira sabis, sai ta shige akurki tare da kaji.

Ba raina jakar azumi nake yi ba. Wanda ya taɓa kwana da yunwa a ajin makarantar da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira ba ya raina mudun sukari. Ma'aunin da muka saba shi nake ja da shi. Duk sanda aka tashi ba da labarin macen da ta kai wani matsayi a harkar sadarwa, sai a raba labarin gida biyu. A gida na farko a jero muƙamai da lambobin yabo. A na biyu, wanda ake yi wa laƙabi da hidimar al'umma, a lissafo gidajen marayun da ta ziyarta da buhunan da ta raba, kamar aikin daban, hidimar daban. A ganina, a wannan sana'a hidimar tana cikin aikin. Inda aka kafa ƙarfe da inda aka ƙi kafawa, kuɗin da ake cira a minti, takardar da ake nema kafin a ba ka layi, wanda ake ɗauka aiki da wanda ake ce wa ya dawo gobe: a nan ake taimakon jama'a ko a cuce su, kuma ba a gayyatar mai ɗaukar hoto wurin.

Mu mutanen Sudan ba a littafi muka karanta wannan ba. Mun bar Wad Madani a watan Disamban 2023, lokacin da dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, suka shigo garin, muka sauka Gadarif a gidan wani ɗan'uwa, iyali uku a tsakar gida ɗaya. Albashin malanta ya tsaya tun farkon yaƙi. Abin da ke riƙe da mu shi ne ƙanenmu da ke aikin shago a Jidda. Yakan ba wani ɗan kasuwa riyal a can, shi kuma ya zubo mini fam a Bankak, manhajar Bankin Hartum da ta zama aljihun kusan kowa tun da tsabar kuɗi ta yi wuya. Mai shago Bankak, mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, Bankak, har matan da ke sayar da shayi a bakin titi sun liƙa lambar asusu a jikin akwatinsu. Sai a farkon Fabrairun 2024 shabaka ta ɗauke. Ba kamfani ɗaya ba, duka ukun: Sudani, MTN da Zain. Aka zargi RSF da kashe cibiyoyin kamfanonin da ke Hartum, su kuma suka musanta.

Ina tuna safiyar da na tsaya gaban mai shagon unguwa da waya a hannu. Kuɗina na nan, jiya da dare na ga adadinsa da idona, amma ko ƙullin gishiri ba zai saya mini ba. Mai shagon ya dube ni, na dube shi. Ya shiga ciki ya fito da tsohon littafin rubutu na ɗansa, ya yage shafukan lissafi na gaba, ya rubuta sunana a sama. Kafin sati ya zagayo littafin ya cika, kantar shagon kuma ta yi fayau, don shi ma da waya yake biyan mai ba shi sari. A Hartum da Bahri abin ya fi muni. Takaya, wato tukwanen taimako da matasan unguwanni ke dafawa su raba wa waɗanda yaƙi ya rutsa da su, da gudummawar da ake turowa ta waya suke sayen wake da gawayi. Da layi ya mutu, murhu da yawa ya mutu.

Gwaggo kuwa ta ƙi fitowa, tana ƙauyenmu a jihar Jazira, ga ciwon sukari. Mu a gabas shabaka ta fara leƙowa bayan makonni, su a can sai da suka yi watanni. Hanyar da ta rage ita ce Starlink, tukunyar tauraron ɗan'adam da aka riƙa shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ana kafawa a kasuwanni, ka biya kuɗin awa ka zauna. A wurare da yawa masu bindiga ne ke da ita, ko waɗanda ke ɗasawa da su. To, ka ƙaddara tsohuwar da ko a zaman lafiya ba ta zuwa kasuwa, ita ce za ta je ta zauna a tsakiyarsu don ta ce wa 'ya'yanta tana raye? Dabarar da ta yi ita ce ta naɗi murya a wayar wani yaron maƙwabta, shi ya hau jaki ya kai garin da ke da tukunyar ya tura. Har yanzu saƙon na cikin wayata. "Muna nan da rai, alhamdu lillahi. Maganin sukari ya ƙare yau sati biyu. Akuyar nan ta haihu, biyu ta haifa. Ku gaida yaron nan na Jidda."

Waɗanda suka dawo mana da layi injiniyoyi ne, maza da mata, da suka sake kafa cibiyoyin daga tushe a Bur Sudan, birnin da ke bakin Bahar Maliya. Ban ga hoton ko ɗaya daga cikinsu a zauren dangi ba.

Shi ya sa in aka ce in kawo misalin macen da ta yi wa jama'a hidima a wannan fanni, Funke Opeke nake fara kawowa, Bayarabiya 'yar Najeriya. Ta karanta injiniyancin lantarki a jami'ar Ife, ta ƙaro digiri na biyu a jami'ar Columbia da ke Amurka, ta yi kusan shekara ashirin tana aiki a can har ta kai babban muƙami a kamfanin Verizon. A 2005 ta tattara ta dawo gida, ta zama shugabar sashen fasaha ta MTN a Najeriya, daga baya ta ɗan taɓa aiki da NITEL, kamfanin gwamnati da a lokacin yake shure-shuren mutuwa. A nan ta ga inda gizo ke saƙa. Ƙasa mai mutane sama da miliyan ɗari tana shan intanet ta waya ɗaya tak ta ƙarƙashin teku, SAT-3, wadda NITEL ke riƙe da bakinta, sauran kuma ta tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada. Ta kafa kamfanin MainOne, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin masu kuɗi har ta haɗa dala miliyan 240, aka shimfiɗa waya mai tsawon kilomita 7,000 daga Portugal zuwa Legas, da reshe a Akara. A 2010 wayar ta fara aiki.

Kada wani ya ce waliyiya na mayar da ita. Kasuwanci ta yi, kuma ta ci riba: a 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya kammala sayen MainOne a kan dala miliyan 320. Amma dubi abin da kasuwancin ya haifar. Da wayarta da sauran da suka biyo baya suka karya babakeren SAT-3, farashin intanet na sari ya faɗo a Legas. Kamfaninta ya ja wayar faiba cikin unguwar Yaba, inda matasa masu rubuta manhajoji suka yi sansani. A ƙarshen 2019 kuma ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba ta shugabancin kwamitin da ya tsara shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025. Ɗalibar da ta sauke littafi a wayarta a Zariya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ba ta san sunan matar nan ba, ba kuma wanda ya tsayar da ita gaban ƙyalle don ta yi godiya. Irin wannan alherin ya fi kwanta mini a rai, don bai bar kowa da sunkuyar da kai ba.

Sai dai ko a nan akwai abin cewa. Wayar ta iso bakin teku da ruwa fal, amma ƙauyukan Zamfara da Yobe sun daɗe suna jiran ɗigo. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Mu ma haka. Bur Sudan tashar wayoyin teku ce: EASSy, wadda ta taso daga Afirka ta Kudu ta bi gaɓar gabas, a nan ta tuƙe tun 2010, akwai kuma wayar da ta tsallaka Bahar Maliya kai tsaye zuwa Jidda. Nakan yi mamakin wannan. Kakanninmu sun yi shekaru a ƙafa daga Sakkwato da Kano, suna yada zango su yi noma su tara guziri, kafin su kai Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Yau muryar ƙanena tana tsallako wannan teku kafin ƙiftawar ido, ta ratso duwatsu da sahara, sannan ta zo ta maƙale a bakin garin su Gwaggo saboda baturan da kuɗinsu bai kai na walimar buɗe ofis ba. Aikin da ya rage a wannan harka aikin guga ne, kuma ba shi da daɗin ɗaukar hoto.

To me ya kawo maganar mace? Namiji ba zai iya sayen batir ba ne? Zai iya mana. Amma akwai abin da ba a gani daga kujerar maza, kuma layin Gwaggo ne ya koya mini shi.

Layin da take amfani da shi da sunana aka yi masa rajista. Ba a ba da shariha, wato katin layin waya, sai da raƙam watani, lambar ɗan ƙasa, ita kuwa ba ta da ita. An haife ta a bakin Shuɗin Nilu, ba ta taɓa ganin Najeriya ba ko a mafarki, amma takarda ta gagare ta, kuma ruwa ba ya tsami banza. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno kuwa, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun iso ne bayan da Turawa suka kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, wasu ma da yawa sai da aikin auduga na Jazira ya buɗe bayan gina madatsar Sinnar a 1925. An sassauta dokar daga baya, amma halin da ta shuka a ofisoshi bai mutu ba. Da an ji ka ce Bahaushe ne kai, sai a ce kawo shaidu, kawo dattijon ƙabila, dawo wani sati. Namiji yakan daure ya yi ta sintiri don yana son fasfo ko aiki. Mace kuwa, sai maigida ya ce me za ki yi da ita, ga tawa. Haka aka wayi gari mata da yawa a cikinmu suna riƙe da wayar da a takarda ba tasu ba ce, kuɗin da ɗa ya turo wa uwarsa kuma sai ya bi ta asusun wani namiji kafin ya iso hannunta, in ya iso cikakke.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Disamban 2024, da aka canza takardun fam 500 da 1,000 aka ce tsofaffin sai dai a zuba su a asusun banki, na ga abin da idona a Gadarif. Matanmu masu sayar da gyaɗa, da dakwa, da godogodo, waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗin adashi a ƙasan akwati, suna kwance bakin zani suna miƙa wa miji ko ɗa ko ɗan kishiya, don su ne masu asusu. Wata maƙwabciyarmu ta kawo mini nata da dare, ta ce, "Malam, kai ne mai karatu, ka riƙe mini, kada mai gidan ya san adadinsa." Na karɓa, amma raina bai so ba. Sirrin da ta rufe shekara da shekaru, doka ɗaya ta tone shi, ba kuma don an nufe ta da sharri ba. Waɗanda suka zauna suka tsara abin ne ba su taɓa tunanin akwai irinta ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da a ce a teburin da ake yanke shawara akwai macen da ta tashi a irin gidajenmu, da ta tambaya: cikin layukan nan namu, nawa ne ke da sunan mata? Da ta ce a haɗa kai da hukumar rajista a tura ma'aikata mata cikin unguwanni, su shiga har tsakar gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Da ta ce a ba mata wakilcin tura kuɗi da cira, don mace ta fi sakin jiki ta ƙirga kuɗinta a gaban 'yar'uwarta. Da ta tambayi dalilin da ya sa na'urar amsa kira ba ta jin kowane harshe sai Larabci da Turanci, a ƙasar da ake Hausa da Bijanci da Furanci da harsunan Nuba. Ni dai ban taɓa danna lamba an ce mini sannu ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake sadaka. Kasuwa ce ma aka bari a ƙasa, don macen da ke da layinta da asusunta abokiyar ciniki ce.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: zama mace ba shi ne sanin ciwon mata ba. Wadda ta tashi a unguwar Amarat ta Hartum, direba ya kai ta makaranta ya dawo da ita, tana iya jahiltar rayuwar Gwaggo fiye da yaron da ke zuba wa janareton ƙarfe man dizal. Mai ɗakin da karin magana ke nufi shi ne wanda ya kwana a ɗakin ruwa ya zubo masa. Don haka ba na cikin masu guɗa da zarar an ce mace ta hau kujera. A watan Satumban 2022 aka zaɓi Doreen Bogdan-Martin, 'yar Amurka, ta shugabanci hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ƙuri'a 139. Ita ce mace ta farko tun da aka kafa hukumar a 1865. Abin a yaba ne, kuma tana da hannu a shirin Giga da suka fara da UNICEF a 2019 don kai intanet makarantu. Amma alƙaluman hukumar tata sun nuna a 2023 mutum biliyan 2.6 ba sa kan intanet. Da wannan adadi za a yi mata hisabi ranar da ta sauka, zamanta ta farko kuwa na littafin tarihi ne.

Akwai kuma jarrabawar da shugaban kamfanin waya a ƙasa irin tamu ba ya tsallake ta, mace ko namiji. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan a Hartum ranar 3 ga Yunin 2019, an kashe intanet na waya fiye da wata guda. Wani lauya, Abdul'azim Hasan, ya kai ƙara kotu ya yi nasara, sai aka buɗe masa layinsa shi kaɗai, sauran jama'a sai a Yuli. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 aka sake kashewa, sama da sati uku. Ba zan zauna a inuwa in ce wa wata ta je ta tsaya gaban bakin bindiga ba. Amma tsakanin jarumta da miƙa wuya akwai fili mai faɗi. Tana iya cewa a ba ta umarnin a rubuce. Tana iya mayar wa mutane kuɗin data da ya ƙone alhali ba su sha ba. Mafi girma duka, tana iya ƙin tara zuciyar kamfani a gari ɗaya tun ana zaman lafiya. Abin da ya same mu a 2024 ciwon Sudan ne na asali: asibiti Hartum, jami'a Hartum, masana'anta Hartum, har cibiyar da ke haɗa kiran Kasala da Gadarif ita ma Hartum. Da Hartum ta faɗi sai ƙasa ta kurmance. Shugabar da za ta yi faɗa da masu hannun jari a kashe kuɗi a gina cibiya ta biyu a wani gari, alhali ba wanda ya hango yaƙi, ta ciyar da mutanen da jakar azumi dubu ba za ta kai gare su ba.

Yanzu bari in taɓa namu laifin, in fara da kaina. Ranar da sakamakon shahada, jarrabawar gama sakandare, ya fito ƙanwata ta samu makin shiga injiniyanci a Jami'ar Jazira, an zauna a zauren Baba, kuma ni, mai karatun gidan, ni na fi kowa ja. Na ce ta shiga tarbiyya ta fito malama, ko aikin jinya, sun fi dacewa da 'ya mace. Na ce wa zai auri matar da ke hawa ƙarfe? Baba ya yi shiru yana jan carbi, alamar ya karkata wajena. Inna ce ta ɗaga labule. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, da kuɗin gyaɗata ka yi naka karatun, ban tambaye ka wa zai aure ka ba. Ku bar yarinya." Da adashinta aka biya kuɗin rajista.

Abin kunyar shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu, 'yar'uwar kakan Sarkin Musulmi Attahiru ce, gidan da Mai Wurno ya fito. Ba makarantar zaure kawai ta buɗe ta jira a zo ba. Ta naɗa jajis, dattijan mata masu malfa, su zo su ɗauki karatu a wurinta su kai wa matan ƙauyuka da ba za su iya zuwa ba, cikin waƙar da za a haddace ana daka. Matsalar guga ta gano, ta kuma warware ta da mata. Jikokin mutanenta ne muka zauna muna gardamar ko ya dace 'ya mace ta koyi yadda ake kai magana ƙauye.

Ashe ma hawa ƙarfen ba shi ne yawancin aikin ba. Na taɓa raka ta wani zagaye da damina, lokacin da baƙar lakar Jazira ke haɗiye tayar mota. Hular kwano a kan mayafi, kwamfuta a cinya, tana duba ƙarfin sigina, tana auna batir ɗaya bayan ɗaya, tana rigima da mai gadi kan lissafin man dizal. A wani ƙauye dattijon gari ya gaisa da ni da direba, ya ce ina muhandis ɗin, wato injiniyan? Ta ce, "Ga ni, Baba." Ya yi dariya ya sake tambayar direba. Ba ta ce komai ba, ta buɗe akwatin ta yi aikinta. Da muka gama sai matan gidan suka ja ta ciki shan jabana, gahawarmu ta Sudan, ta daɗe ba ta fito ba. A mota ta gaya mini abin da ba ya cikin kowane rahoto: matan ba su damu da ƙarfin sigina ba, caji ne damuwarsu. Sai sun ba yaro waya ya kai kasuwa a yi caji da kuɗi, ta wuni a can, wani lokaci a dawo da ita an cinye kuɗin kiran da ke ciki, an kuma karanta saƙonni. Ta rubuta shawara a ja 'yan soket daga solar ƙarfen zuwa jikin shinge, a ba wata mata a garin ta riƙa kula da su. Sau uku tana rubutawa. Ba a ce a'a ba, ba a ce e ba. Takardar tana hawa bene ta ɓace, don a saman benen babu wanda aka taɓa ja cikin gida shan jabana.

Wannan takarda ita ce dalilin da ya sa nake son ganin 'ya'yanmu mata a can sama, waɗanda suka taka laka kafin su taka kafet. Ba a haifar shugaba a kujera. Wadda za ta shugabanci kamfani nan da shekara ashirin, yau tana aji uku na sakandare tana fama da lissafi, in ma makarantar tata ta buɗe, in kuma ba a riga an karɓi sadakinta ba saboda yaƙi ya talauta gidan. Na san gidaje a cikinmu da suka aurar da 'yan mata masu ƙwaƙwalwa a shekarun nan biyu don rage bakin ci. Ba na zaginsu, na ga halin da suke ciki. Amma in kamfani na son ƙyallensa ya yi amfani, ga wurin kafa shi: ya ɗauki nauyin karatun irin waɗannan yara har su gama, ya kuma buɗe musu ƙofar aiki ba tare da tambayar ko 'yar wace ƙabila ce ba.

Ƙanwata tana Riyad yanzu. Yaƙi ya watsa injiniyoyinmu, Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suka kwashe. Ta ce a can ta tarar da mata a kujerun da a gida ba ta taɓa gani ba, har wata Basaudiya, Dima Alyahya, ke jagorantar ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan fasahar zamani da ke da mazauni a birnin. Tana kula da ƙarafan wasu, tana turo wa Gwaggo kuɗin magani ta asusuna, don har yanzu layin da sunana yake. Mun fara nema wa Gwaggo raƙam ɗin, an ce a kawo shaidu biyu da suka girme ta, a garin da yawancin tsofaffinsa ko sun rasu a hanya ko suna Kasala.

Jiya na kira Gwaggo da la'asar sakaliya, na makara saboda layin burodi. Tana cikin ba ni labarin yadda ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa, ya ƙi isowa gonakin bana, sai murya ta fara yankewa. Ta ce, "To, rana ta faɗi ke nan. Sai gobe in Allah ya kai mu, ka kira da wuri."